Kan Yaya a Hannun Auta

Auta ake ce mata tun tana rarrafe, har ta cika shekara hamsin da biyu ba wanda ya ga dalilin canza mata suna. Ko 'ya'yanta uku da suka girma, in suna ba da kwatancen wurin aikin uwarsu, cewa suke yi a tambayi shagon Auta. Ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani tsohon bene, tela a hannun dama, kemis a hannun hagu. A ciki akwai kujeru biyu masu juyawa, ɗaya ta daina juyawa tun tuni, sai madubi mai tsaga a kusurwa, da kwamin wanke kai, da draya ta busar da gashi mai kama da tukunya a kife, da bencin masu jira. Shekara ashirin da shida ke nan tana buɗe ƙofar nan da ƙarfe takwas na safe.

Abin da aka san ta da shi a layin ba kyan kitso ba ne, ko da yake ta iya. Taurin kai ne. Mace za ta shigo ta faɗi abin da take so a yi mata, Auta ta ce to, bismillah, zauna. Sai ta taje kan a hankali, ta zaro sili ɗaya daga cikin mataji, ta tsoma shi a ruwa, ta naɗe bakinsa biyu a yatsunta, ta ja. Daga nan take yanke hukunci, ba daga bakin mai kan ba.

"Na yarinya kamar roba yake," in ji ta ga masu tambaya. "Ki ja shi ya biyo ki, ki sake shi ya koma. Na 'yar arba'in zai biyo ki, amma komawar sai da lallashi. In an haura sittin kuwa, silin ya sirance, man fatar kai ya ja baya, kina ja kaɗan zai ce miki sai anjima. Furfura ce ma babbar mayaudariya. A hannu ki ji ta da tauri kamar waya, ki ɗauka ƙarfi ne, alhali bushewa ce."

Duk wadda silinta ya tsinke bai miƙe ba, Auta ba ta sa mata rilaksa, wato man nan mai miƙar da gashi, ba ta kuma sa mata rini mai ƙarfi, ko da za ta wuni tana roƙo. Mata da yawa sun fita suna tsaki. Wasu sun dawo bayan 'yan watanni da ɗankwali ɗaure har gira, suka zauna a benci, ita kuma ba ta tuna musu ba.

A kan yayarta ta koyi wannan hannu. Innarsu ta rasu Auta tana da shekara bakwai, Yaya tana da goma sha bakwai, ta shiga makarantar koyon aikin jinya ke nan. Yaya ce ta yi mata wanka, ta kai ta makaranta, ta dake ta, ta kuma hana kowa dukanta. In ta dawo daga asibiti a gajiye takan zube a ƙasa ta jingina da gado, Auta ta hau gadon ta sa kan tsakanin gwiwoyinta tana wasa da shi. Gashi ne a lokacin baƙi wuluk, mai cika hannu, wanda ya karya mataji ya fi a ƙirga. Yaya ta so ƙanwarta ta zama nas irinta. Auta ta faɗi jarrabawa sau biyu, a na uku ta ƙi zuwa, ta tafi ta zauna a shagon wata mata tana share gashi a ƙasa har aka yarda ta riƙe almakashi. Yaya ta yi wata huɗu ba ta yi mata magana ba, ranar da ta huce kuma da kanta ta zo ta zauna a kujera ta ce, "To, nuna mini abin da kika zaɓa a kan ilimi."

Tun daga ranar, ba hannun da ya taɓa kan Yaya sai na Auta, har bara waccan. A lokacin ne Auta ta ja sili ya tsinke, ta ce rilaksa ta ƙare a kan nan. Yaya, wadda ta zama babbar nas a sashen jarirai, wadda likitoci ke gyara tsayuwa in ta shigo, ta miƙe ta ɗauki jakarta. Suka ci gaba da gaisawa a waya, suna haɗuwa a gidan 'yan'uwa, amma shekara ɗaya da rabi ba ta sake zama a kujerar ba.

Wata Talata da ƙarfe tara da rabi na safe sai ga ta. Tana sanye da kayan gida, farin yunifom ɗinta a rataye cikin leda a hannu ɗaya, farar hular nas a ɗaya hannun. Mutum ɗaya ce a shagon, wata malamar firamare da ke zaune a ƙarƙashin draya tana duba littattafan ɗalibai, ba ta jin komai sai ƙugin iska.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Rilaksa za ki sa mini, ki bi da baƙin rini. Ƙarfe ɗaya nake da zama."

"Wane zama?"

Yaya ta rataye yunifom a ƙusar bango, ta zauna a kujerar da ba ta juyawa, ta yi magana tana kallon madubi. Asibiti sun kafa kwamitin tantance shekarun ma'aikata. A cikin fayil ɗinta an sami takardu biyu da ba su yi daidai ba, ɗaya ta ce shekararta hamsin da takwas, ɗaya ta ce sittin da biyu. A sittin ake ritaya. Yau za ta zauna gaban mutum biyar su tambaye ta wacce ce gaskiya.

Auta ba ta buƙatar takarda. Shekara goma ce tsakaninsu, tun tana yarinya take jin haka.

"Ɗakin bakwainin nan," Yaya ta ce, "shekara tara ina bin sa. Na rubuta, na roƙa, na yi faɗa da wanda bai kamata in yi faɗa da shi ba. Yanzu an kawo kwalaben da ake sa jariran a ciki, suna cikin kwali a sito. Wata takwas ya rage a buɗe. So kike in zauna a gida in ji labari?"

"Ni ban ce komai ba."

"Fuskarki ta ce."

Ta zare ɗankwalinta. Auta ta tsaya a bayanta ta duba. Daga fata zuwa kamar gaɓar yatsa ɗaya, fari ne tas, sabon tsiro mai murɗe. Daga nan zuwa baki, baƙi ne irin wanda ba ya sheƙi, kamar an shafa gawayi. A tsakar kai ana hango fata. Ta sa mataji a hankali, ta zaro sili, ta jiƙa, ta naɗe a yatsu. Ba ta ma kai ga ja sosai ba ya rabu biyu. Ta sake ɗauko wani daga ƙeya. Shi ma haka.

"Me kike sa masa?"

"Rinin da kika ba ni. Mai wankewa."

"Shi kaɗai?"

"Tambayata kike kamar kwamitin?"

"Yaya, kan nan ba zai ɗauka ba. Bari in wanke, in shafa miki rini mai sauƙi, in busar in kwantar da shi. Wallahi zai yi kyau."

"Kin manta furfurata? Mai sauƙin ba ya kama ta. Ja take komawa kamar gashin masara. Kuma hular nan da fil ake maƙale ta, kin sani. In gindin bai kwanta ba, a karkace za ta zauna, fari yana leƙowa ta ko'ina."

"To bari in gwada a ƙeya. Ɗan wuri kaɗan. Mu ba shi minti ashirin mu gani."

Yaya ta duba agogon da ke maƙale a jakarta, irin na nas mai juyayyar fuska. "Ba ni da minti ashirin na gwaji." Sannan ta sassauta murya, abin da Auta ba ta saba ji ba. "Auta, tun da nake da ke na taɓa roƙonki wani abu?"

Gaskiya Yaya ta faɗa. Ba ta taɓa ba. Ko ranar da mijin Yaya ya rasu, ita ce ta riƙa ba mutane haƙuri tana nuna musu wurin zama.

Ta buɗe kabad ta ɗauko roba mafi sauƙi cikin rilaksar da take da ita. Ta shafe fatar kan da mai, ta bi goshi da bayan kunne. Ta raba gashin gida huɗu, ta lulluɓe tsohon baƙin da man kariya don kada maganin ya taɓa shi. A ranta ta tsara: gindi kaɗai, minti takwas, ko ya miƙe ko bai miƙe ba ta wanke. Ta sa safar hannu.

Ta fara daga ƙeya, ta hau zuwa tsakar kai. Farin man yana kwanciya a kan farin gashi. Yaya ta lumshe ido. Malama ta ɗago daga littafi ta yi musu murmushi, ta ce da ƙarfi irin na wanda draya ta toshe wa kunne, "Yau manya ne a shagon," ta koma kan jan bironta.

A minti na huɗu Auta ta ji wari. Ta san warin rilaksa kamar yadda ta san warin ɗakinta, wannan ba shi ba ne. Wani abu ne kamar tsohon ƙarfe da aka jiƙa. Ta duba inda fari ya haɗu da baƙi. Man ya fara canza launi, yana komawa ruwan toka mai ratsin kore. Ta ɗora bayan hannunta a kai. Ta cikin safar ma ta ji ɗumi.

"Yaya, kina jin zafi?"

"Kaɗan. Ai dama yana yi."

"Tashi mu je kwami."

"Ko minti biyar bai yi ba."

"Tashi."

Wani abu a muryar ya sa babbar nas ta tashi ba gardama. Ta kwantar da ƙeya a bakin kwami, fuskarta tana kallon rufin ɗaki. Auta ta murɗa famfo. Ruwa ya zo da ƙarfi, ya yi tari sau biyu, ya koma zirara kamar zare. Ta ja bokitin da take ajiyewa a ƙarƙashi, ta ɗebo da moɗa ta kwara. Ta sake kwarawa. Ta sa yatsunta a ƙeya don ruwan ya shiga.

Gashin ya biyo yatsunta.

Ba ja ta yi ba. Ya taho ne kawai, laushi kamar jiƙaƙƙen auduga, dunƙule guda mai cika tafin hannu. Ta tsaya da shi a hannu. Amma maganin yana kan fata har yanzu, tsayawa ba nata ba ne. Ta ajiye dunƙulen a gefen kwami inda Yaya ba za ta gani ba, ta ci gaba da kwara ruwa. Duk inda ruwan ya bi, baƙin yana saki daga daidai layin da ya haɗu da fari, yana gangarawa ya taru a bakin magudana. Ruwa ya fara taruwa a kwamin. Ta kwashe da hannu ɗaya, tana zuba ruwa da ɗayan.

"Me ya sa kika yi shiru?" Yaya ta tambaya, idonta a rufe.

"Ina wankewa ne. Kada ki buɗe ido, zai shiga."

Ta zuba shamfun da ke kashe ƙarfin maganin. Kumfa ta fito ruwan hoda, alamar da saura. Ta ɗauraye, ta sake sawa. Bokiti ya kusa ƙarewa. A nan ta lura ƙugin draya ya tsaya. Malama ta ɗage tukunyar daga kanta, tana kallon gefen kwami, hannu a baki. Auta ta girgiza mata kai, ta nuna bokiti da haɓa. Malama ta tashi da robobin naɗin gashi a kanta, ta ɗauki bokitin ta fita, ta dawo da shi cike daga kemis. Sau uku ta yi wannan zirga-zirga.

A wanki na huɗu kumfa ta fito fara. Auta ta naɗe kan da tawul, ta ɗago Yaya ta zaunar da ita, amma ta juya mata baya ga madubi. Ta tsuguna a gabanta. Agogon bango ya ce sha ɗaya saura kwata.

"Yaya, zan faɗa miki wani abu, kuma ina so ki faɗa mini wani abu."

Yaya ta dube ta irin kallon da take yi wa ƙananan nas in sun zo da labari rabi. Shekara arba'in tana faɗa wa iyaye abin da ba sa son ji. Ta san yadda fuskar mai irin wannan saƙo take.

"Nawa ya tafi?"

"Ƙeya duka. Tsakar kai, fiye da rabi. Gaba yana nan, amma ba zai kai gobe ba."

"Fata fa?"

"Ta yi ja a wuri biyu. Ba ta saɓule ba."

Yaya ta gyaɗa kai kamar an ba ta rahoton mara lafiya. Ta miƙa hannu. Auta ta fahimta, ta ɗauko dunƙulen daga gefen kwami ta sa mata a tafi. Yaya ta murza shi tsakanin yatsu, ya narke kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

"Wani gari ne," ta ce can. "A ƙaramin kwali. Ana kwaɓawa da ruwa. Wata mai shara a wurinmu ta kawo mini, ta ce shi ne ke kama furfura. Duk sati uku nake sawa. Na bar shi wata guda da ya wuce don ki samu gindi mai tsabta."

"Tun yaushe?"

"Tun da na bar nan."

"Na tambaye ki, Yaya."

"Kin tambaye ni."

Auta ta san laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Ita ta ja sili, ita ta ga ya tsinke, ita ta buɗe roba.

Malama ta tattara littattafanta, ta ɗaura ɗankwali a kan robobin, ta ce za ta dawo da yamma a cire mata. A bakin ƙofa ta juya allon da ke rataye ya koma an rufe, ta ja ƙofar.

"Juya ni," in ji Yaya.

Kujerar ba ta juyawa, don haka sai da ta tashi ta tsaya gaban madubi da ƙafarta. Auta ta zare tawul. Yaya ta daɗe tana kallo. Baƙin ya rage tsibi-tsibi, wani dogo wani guntu, tsakaninsu farin gindi kwance a kan fata. Ta juya kai hagu, ta juya dama. Leɓenta na ƙasa ya motsa sau ɗaya, ta danne shi da haƙori.

"Akwai wig, hular gashi," Auta ta ce. "Ina da baƙi gajere, sabo."

"A kan fatar da ta ƙone? Ni da nake hana mutane rufe ciwo?"

"To ɗankwali. Fari. Ki ce ba ki da lafiya."

"Shekara arba'in ban taɓa shiga asibitin nan ba hula ba. Yau in shiga da ɗankwali, kafin in kai ofishin labari ya riga ni." Ta zauna a ɗaya kujerar, mai fuskantar madubi. "Rini fa? A kan abin da ya rage."

"A'a."

"Auta."

"A'a, Yaya. Ko za ki yi shekara goma ba ki yi mini magana ba. Ba abin da zai sake taɓa kan nan yau sai almakashi da mai."

Suka kalli juna ta cikin madubi. A waje keken tela yana ta sukuwa, ya tsaya, ya ci gaba. Sha ɗaya da minti goma.

"Yanke," in ji Yaya.

Auta ta cire safar hannu. Ta ɗauki ƙaramin almakashi, ba injin aski ba, don kada ya goge wuraren da suka yi ja. Ta bi layin a hankali, tana ɗaga kowane tsibi da mataji tana datse shi daidai inda fari ya ƙare. Baƙin yana faɗowa a kan tawul, a kan cinyar Yaya, a ƙasa. Da ta gama da baƙin, ta koma daidaita farin, ta rage gefe, ta bar gaba ya ɗan fi tsawo don ya rufe inda goshi ya ja baya. A tsakar kai ba abin da za ta iya yi, fata tana nan a fili. Ta shafa man sanyi a wurare biyun, ta bi sauran da ɗan mai a tafin hannu.

Matar da ke cikin madubi ta fi wadda ta shigo tsufa, ba mai musun wannan. Kunnuwanta sun fito, ƙashin kuncinta ya fito. Auta ta ga wata fuska da ta daɗe ba ta tuna ba, ta kakarsu ta wajen uba, amma ta bar wa cikinta.

Yaya ta ɗora hula. Ta zame gefe. Fil ba shi da abin kamawa.

Auta ta fizge hular ta fita. Tela yana tsakiyar ɗinkin wata riga, allura a baki.

"Maƙwabci, ajiye wannan. Roba nake so ka sa mini a bayan hular nan, siririya, fara, yadda za ta kama kai ba fil."

Ya juya hular ya duba. "Yau kuma aikin asibiti muka koma? Ki kawo da yamma."

"Minti goma."

Ya ɗago zai yi wasa, ya ga fuskarta, ya cire allurar daga baki. "Kan wa? Ina awo?"

Auta ta haɗa yatsun hannayenta biyu ta yi da'ira a iska. Ta san girman kan nan fiye da nata. Tela ya sa tef ya auna tsakanin hannayenta, ya zauna.

Sha biyu da kwata Yaya ta fito daga bayan labule cikin farin yunifom, hula zaune daram, farin gashi ya zagaye ta ta ko'ina. Auta ta kulle shago ta bi ta. Yaya ba ta ce ta zo ba, ba ta kuma ce ta koma ba. A cikin tasi Yaya ta ɗaga hannu sau ɗaya za ta sosa ƙeya, Auta ta riƙe hannun ta mayar mata da shi cinya.

A barandar ofishin shugabanni akwai kujerun roba jere da bango. Ma'aikata uku suna jira, kowanne da fayil a ƙirji. Wata ƙaramar nas da ta zo wucewa ta gaida Yaya, idonta ya hau kai ya sauko da sauri, ta ƙara sauri. Yaya ta zauna a miƙe. Auta tana jin numfashinta. Ɗaya da minti ashirin aka leƙo aka kira ta.

Auta ta zauna tana kallon ƙofar. Ta ƙirga tayil ɗin ƙasa daga bango zuwa bango, ta ɓata, ta sake. Wani mutum da ke kusa da ita ya tambaye ta ko ita ma shekarunta aka taɓa. Ta ce a'a, rakiya ta yi.

Minti ashirin da biyar Yaya ta yi a ciki. Da ta fito ba ta tsaya ba, sai da suka sauka daga bene suka kai inuwar wata bishiya kusa da wurin ajiye motoci.

"Na faɗa musu," ta ce.

"Me?"

"Sittin da biyu. Tun kafin su buɗe fayil. Na ce ɗayar takardar wani kawunmu ne ya yi mini ita lokacin da zan nemi ƙarin karatu, ni kuma na bar ta ta zauna saboda ta yi mini daɗi." Ta ɗan yi dariya mara sauti. "Ashe sun riga sun samo rajistar makarantar firamarenmu. Tana kan tebur, a ƙarƙashin hannun shugaban. Da na ce hamsin da takwas, kora ce, ba ritaya ba."

Auta ta jingina da bishiyar.

"Kada ki ce komai," in ji Yaya. "Kada ki kuskura ki ce Allah ne ya sa gashin ya zube. Ke kika zubar da shi."

"Ni da garin mai shara."

"Ke da garin mai shara."

Wata uku suka ba ta ta miƙa aiki. Ɗakin bakwaini an buɗe shi bayan tafiyarta, ba a wata takwas ba, sai da aka yi shekara. An aiko mata da katin gayyata, ta sa shi a jaka, ranar kuma ta ce ƙafarta na ciwo. Bayan sati biyu ta je ita kaɗai da rana tsaka, ta tsaya ta bayan gilashi, ta ga an sa kwalba ɗaya kusa da taga inda rana ke bugawa, ta sa aka matsar da ita.

Fatar kan ta warke cikin kwana goma. Gashin ya tsiro fari, mai laushi fiye da da, amma tsakar kai bai sake cika ba. Auta ta yi sati guda ba ta iya buɗe robar rilaksa ba, duk wadda ta zo nema sai ta ce ta ƙare. Da ta koma yi, ta ƙara wata doka a kan ta da: gwaji a ƙeya, minti ashirin, ko mace ta rantse da abin da ta fi so cewa ba ta sa komai ba. Wasu sun bar zuwa saboda haka.

Yaya kuwa zaman gida ya gagare ta. Ta fara zuwa shagon da safe, wai don ta sha iska, da na'urar awon jini a jaka. Duk matar da ta zauna a benci sai ta ce ta miƙo hannu. A wata na biyu ta gano hawan jini a jikin mata huɗu, har da matar tela, wadda ta tura asibiti a ranar ba tare da ta bar ta ta koma gida ɗauko mayafi mai kyau ba. Mai kemis ya fara aiko mata da masu tambayar da ta fi ƙarfinsa. Auta ta yi ƙorafi cewa an mayar mata da shago ɗakin shan magani, masu ciwon kai sun fi masu gyaran kai yawa, sannan ta sa kafinta ya ƙaro benci na biyu.